Filin Wasa Na Biliyoyi: Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?

TAMBAYA

Ni malamin makaranta ne, kuma mai son ƙwallon ƙafa tun ina yaro. Duk lokacin da aka ji a rediyo cewa wata gwamnati ta ware biliyoyin nairori don gina katafaren filin wasa ko gyara wani tsoho, sai majalisarmu ta rabu biyu. Wasu su ce almubazzaranci ne, asibiti babu magani, yara na zaune a ƙasa a aji. Wasu su ce ai jari ne, zai sama wa matasa aikin yi, ya jawo baƙi, ya mayar da kuɗinsa har da riba. Ni dai na tsaya a tsakiya, zuciyata na son filin, hankalina na tsoron kuɗin. Don Allah a warware mana. Filin wasa na mayar da abin da aka kashe masa? In kuwa ba ya mayarwa, me ya sa gwamnatocin duniya ba su daina ginawa ba?

Daga wani mai karatu a Funtuwa

AMSA

Malam, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci yaran da kake koyarwa. Bari in fara ba ka amsar a dunƙule, sannan mu warware ta a hankali. Babban filin wasan da gwamnati ta gina da kuɗin jama'a, a mafi yawan lokuta, ba ya mayar da kuɗinsa. Haka abin yake a Najeriya, haka yake a Ingila da Brazil da Kanada. Wanda ya ce maka jari ne mai riba, bai zauna ya yi lissafi ba. Sai dai wannan bai isa hujjar cewa kada a gina ba, domin gwamnati na kashe kuɗi a kan abubuwa da yawa da ba sa dawo da ko sisi, kamar ɗakin karatu da gidan tarihi da fitilun kan titi, kuma ba mu ce ta daina ba. Abin da ya dace majalisarku ta yi musu a kai shi ne girman filin, da waɗanda za su riƙa shiga cikinsa ranakun da babu biki, da aljihun da za a riƙa ciro kuɗin kula da shi har shekara talatin masu zuwa.

Tunda kai malami ne, ɗauko alli mu hau allo. Alƙaluman nan misali ne na tsara don sauƙin lissafi. A ce an gina fili a kan naira biliyan 50. Gasar Firimiyar Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, kowace na buga wasa 38 a kaka, 19 daga ciki a gida. A ce ƙungiyar garin na da farin jini, duk wasa mutum 20,000 sun yanki tikiti a kan naira 1,000, babu wanda ya haura katanga, babu wanda ya shiga kyauta don shi yaron wane ne. Wasa ɗaya naira miliyan 20 ke nan, kaka guda miliyan 380. Raba biliyan 50 da miliyan 380, za ka samu sama da shekara 130, kuma wannan in ba a taɓa ko kwabo ba wajen biyan ma'aikata da wuta da gyara. In kuwa bashi aka ci a kan ruwan kashi 15 cikin 100, kuɗin ruwan kaɗai naira biliyan 7 da rabi ne a shekara, kusan ninki 20 na abin da aka tara a ƙofa. Ka ƙara kuɗin talla da hayar shaguna da hayar fili ga masu taro, za su rage ramin, amma ba za su cike shi ba.

Ba ma a nan gizo ke saƙar ba. Duk wanda ya taso a gidan da ake ɗaure doki ya san ranar saye ita ce rana mafi sauƙi. Washegari dokin na jiran harawa da dusa da kanwa, jibi ma haka, ko an hau shi ko ba a hau ba. Hawan sallah 'yan kwanaki ne a shekara, ci kuwa kullum ne. Filin wasa haka yake, kuma abin da ya fi komai ci a cikinsa shi ne ciyawa.

Ciyawar nan da kake gani kore shar a talabijin, ƙarƙashinta akwai yashi da tsakuwa da bututan da ke zuƙe ruwan sama don kada ya kwanta, a cikinta kuma akwai famfunan ban-ruwa. A yanayi irin namu, musamman daga Maris zuwa Mayu, 'yan kwanaki kaɗan ba ruwa sun isa su ƙone ta. Ruwan na buƙatar rijiyar burtsatse, burtsatse na buƙatar wuta, in babu wuta sai janareta, janareta sai mai. Ana aske ta sau biyu ko uku a mako, a zuba taki, a yi feshin ƙwari, a cike gurbin da takalman 'yan wasa suka tone, musamman gaban raga inda gola ke tsayawa. Taron siyasa ko na addini ko na mawaƙa, da rumfuna da kujeru da dubban ƙafafu, kan kashe aikin watanni a yini guda. A Satumbar 2024 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta janye amincewarta daga filin Baba Yara na Kumasi bayan wasan Ghana da Angola, saboda lalacewar ciyawa, fili kuwa mai tarihi wanda 'yan uwanmu na zango suka sani sarai. Ciyawar roba ba ta da wannan ƙishirwar, shi ya sa jihohi ke sonta, amma tana ɗaukar zafi sosai da rana tsaka, kuma bayan kimanin shekara takwas zuwa goma sai an ɗaye ta an shimfiɗa sabuwa. Bayan ciyawa akwai fitilun dare da allon nuna sakamako da rufin da ke yoyo da bayan gida na dubban mutane da masu gadi. Babu ɗaya cikinsu da ke hutawa don an tafi hutun kaka.

Labarin filin Abuja ya ishe mu darasi. An fara gina shi a 2000, zamanin Shugaba Obasanjo, kamfanin Julius Berger ya yi aikin, aka buɗe shi a 2003 don wasannin Afirka karo na takwas da aka yi a watan Oktoban shekarar. Yana ɗaukar mutum sama da 60,000, kuma ya ci kimanin dala miliyan 360. Fili ne kyakkyawa, babu mai musun wannan. A cikinsa aka yi wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, inda Suwizalan ta ci mu ɗaya da nema. Amma Abuja ba ta da ƙungiyar da ke cika ko kwatan kujerunsa duk mako, saboda haka mafi yawan kwanakin shekara a rufe yake. Ciyawarsa ta sha mutuwa ana farfaɗo da ita, har Super Eagles suka koma buga wasanninsu a Kalaba, daga baya Uyo. A 2019 Shugaba Buhari ya sa masa sunan Moshood Abiola. Zamanin ministan wasanni Sunday Dare sai da aka roƙi 'yan kasuwa su ɗauki nauyin filayen gwamnati, Alhaji Aliko Dangote ya biya kuɗin gyaran na Abuja, kimanin dala miliyan ɗaya. Ranar 29 ga Maris 2022 aka cika shi maƙil don wasan neman gurbin kofin duniya da Ghana, aka tashi ɗaya da ɗaya, Ghana ta wuce zuwa Qatar, fusatattun 'yan kallo suka afka cikin fili suka yi ta ɓarna. Ba a jima ba aka koma kuka da ciyawar. Wasannin gida na neman gurbin kofin duniya na 2026 duk a Uyo aka buga su, a filin Godswill Akpabio mai kujeru 30,000, rabin na Abuja, wanda aka buɗe a 2014. Abin da Uyo ta fi Abuja da shi ɗaya ne, ana kula da ita.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne filin Surulere a Legas. An gina shi a 1972, aka yi wasannin Afirka na 1973 a ciki. A nan Najeriya ta ɗauki kofin Afirka na farko a 1980 bayan ta ci Aljeriya uku da nema, Shugaba Shagari ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin. A nan aka yi wasan ƙarshe na 2000 da Kamaru ta ci mu a bugun fanareti. Da aka buɗe na Abuja sai aka juya masa baya, ya shafe shekaru kujeru na karyewa, ciyayi na tsirowa a matakala. Gwamnatin da riƙon fili ɗaya ke ba ta wuya ta ƙara na biyu, sai duka biyun suka shiga wahala.

Za ka ce me ya sa ake iya fitar da biliyoyin gini amma a kasa fitar da miliyoyin ban-ruwa. Amsar na cikin yadda kasafin kuɗi yake da yadda siyasa take. Kasafi kashi biyu ne, na manyan ayyuka da na ayyukan yau da kullum. Gini na cikin na farko, yana da ranar aza harsashi da ranar ƙaddamarwa da allon da aka rubuta sunan mai girma a kai. Man janareta da albashin mai askin ciyawa na cikin na biyu, inda ake fara yanka duk lokacin da kuɗi suka yi ƙasa, kuma babu mai yi wa gwamna kirari don ya biya su. Wanda ya gina zai sauka bayan shekara huɗu ko takwas, wanda ya gaje shi kuma sau da yawa ba ya ganin filin nasa ne. Sai a bar ƙaramin gyara ya girma har ya kai matsayin da za a ce sai an yi wa filin kwaskwarima gaba ɗaya, ita kuwa sabuwar kwangila ce ta biliyoyi, mai nata bikin. Tsarin da kansa ya fi ba da lada ga sakaci fiye da kulawa, kuma wannan ne nake ganin tushen matsalar.

Yanzu mu zo kan batun aikin yi da baƙi, hujjar ɓangare na biyu na majalisarku. Akwai gaskiya a ciki. Lokacin gini birkiloli da kafintoci da masu walda da direbobin tifa na samun na tuwo shekara biyu ko uku. Amma duk ginin da aka zuba wa biliyan 50 zai ba da wannan aikin, ko asibiti ne ko madatsar ruwa, saboda haka ba falalar filin wasa ba ce. Ranar wasa kuma kasuwa na buɗewa. Wanda ya taɓa zuwa filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ke gida ya gani da idonsa: tun bayan azahar masu adaidaita sahu na sauke fasinja, masu rake da gyaɗa da ruwan leda na zagayawa, masu sayar da riguna da tutoci sun baje kaya, mai tsire na fifita wuta, ko'ina ka juya "Sai Masu Gida" kake ji. Waɗannan bayin Allah na samun alheri, kuma ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Sai dai ka tambayi kanka daga ina kuɗin suka fito. Matashin da ya kashe dubu biyu a Ƙofar Mata, da bai je ba, da ya kashe su a gidan kallon ƙwallo na unguwarsu da wurin mai shayi da mai tsiren bakin layi. Kuɗin sun tashi daga wata unguwa sun koma wata, garin bai ƙaru da komai ba. Masana tattalin arziki sun daɗe da gano haka. A 1997 cibiyar Brookings ta Amurka ta wallafa wani babban nazari da Roger Noll da Andrew Zimbalist suka jagoranta a kan filayen da biranen ƙasar suka gina wa ƙungiyoyi da kuɗin haraji, kuma ba su samu filin da ya haɓaka tattalin arzikin birninsa daidai da abin da aka kashe masa ba. Binciken da ya biyo baya bai sauya wannan hukunci ba. Sabon kuɗi na gaske shi ne wanda baƙo ya shigo da shi daga waje, baƙin gasa kuwa wata ɗaya suke yi su tafi.

Manyan ƙasashe ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Birnin Montreal na Kanada ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik a 1976, bai gama biyan bashin ba sai a 2006, shekara 30 cur, kuma har da harajin taba aka haɗa aka biya. Brazil ta gina fili na kimanin dala miliyan 300 a Manaus, can cikin dajin Amazon, aka buga wasa huɗu na kofin duniya na 2014 a ciki, alhali ƙungiyoyin garin ba su da magoya bayan da za su cika shi. Na Brasilia, babban birnin ƙasar, ya fi shi tsada nesa ba kusa ba, har aka wayi gari ana ajiye motocin safa a harabarsa. A Landan, filin Olamfik na 2012 sai da aka sake kashe masa sama da fam miliyan 300 kafin ya dace da ƙwallon ƙafa, sannan aka ba West Ham haya na shekara 99 a kan fam miliyan 2 da rabi a shekara, mafi yawan kuɗin gudanarwa kuma suka zauna a wuyan hukuma.

Akwai wani abu da ke ƙara tsadar filayen da ake ginawa don gasa, shi ne ranar buɗewa ba ta ɗaguwa. In titi ya makara sai a ƙara wa ɗan kwangila wata shida, amma ba a ɗage kofin Afirka don rufi bai ƙarasa ba. Ɗan kwangila ya san haka, saboda haka duk abin da ya nema a watannin ƙarshe sai an ba shi. Farfesa Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford sun bi diddigin gasannin Olamfik tun daga 1960, suka samu cewa duk wadda suka duba ta zarce kasafinta, kuma a matsakaici kuɗin sun haura ninki biyu. Gaggawar kan taɓa rayuka ma. An ƙwace wa Kamaru baƙuncin gasar kofin Afirka ta 2019 saboda jinkirin shiri aka ba Masar, sannan ta karɓi ta gaba a farkon 2022. Ranar 24 ga Janairun shekarar, mutum takwas suka rasu a turmutsitsi a ƙofar sabon filin Olembe na Yawunde mai kujeru 60,000, kafin wasan Kamaru da Komoros. Ƙofofi da hanyoyin fita da horar da masu tsaro duk cikin kuɗin fili suke, kuma su ne ake yawan tsallakewa in lokaci ya ƙure.

To me ya sa ba a daina ba? Wasu dalilan na son rai ne, mun riga mun taɓo su. Wasu kuma tsarin wasannin duniya ne ya jawo su, domin FIFA da CAF su ke gindaya sharuɗɗan fili, su ke karɓar mafi yawan kuɗin talabijin da na talla, ƙasa mai masaukin baƙi ita ke biyan gini. Ƙasar Sin ma ta daɗe tana gina wa ƙasashen Afirka filaye, kyauta ko bashi, kamar filin Janar Seyni Kountché na Yamai da aka buɗe a 1989, da na Ebimpe a Kodebuwa inda aka yi wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024. Kyautar takan tsaya ne ranar miƙa makulli, kulawa ta rage wa mai gida.

Amma akwai dalilai na gaskiya da ba na so ka raina su, Malam. Ƙasar da ba ta da filin da CAF ta amince da shi dole ta kai wasanta na gida wata ƙasa. Ƙungiyar Mena ta Nijar ta sha karɓar baƙinta a Maroko, ta biya jirgi da otal, ta buga a gaban kujeru babu kowa, mutumin Maraɗi ko Damagaram da zai so ya shiga mota ya je Yamai ya ga 'yan wasansa ba shi da hali. Wannan asara ce ta kuɗi da ta martaba. Ka tuna kuma Garwa a Janairun 2022, lokacin da Super Eagles suka buga wasanninsu a filin Roumdé Adjia, jama'ar gari da waɗanda suka tsallako daga Adamawa suka mara musu baya kamar a gida suke. Irin wannan farin ciki, da haɗuwar mutanen da siyasa da addini da ƙabila suka raba a kan benci ɗaya, abu ne mai daraja. Gwamnati na da damar saya wa jama'arta shi. Abin da nake nema a wurinta shi ne ta faɗi gaskiya, ta ce farin ciki da martaba muke saye, ga farashinsu, maimakon ta ce jari ne.

Inda abin ya yi kyau, za ka tarar an kiyaye abu biyu: ba a gina abin da babu mai amfani da shi ba, kuma wanda zai ci riba shi ya ɗauki bashi. Birnin Los Angeles ya yi gasar Olamfik ta 1984 galibi a filayen da yake da su tun da, aka tashi da rarar sama da dala miliyan 200, aka kafa gidauniyar da har yau take tallafa wa wasannin yara. A Jamus, kafin a gina Allianz Arena sai da aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin mutanen Munich a 2001. Ƙungiyoyin garin biyu suka ɗauki nauyin ginin, hukuma ta yi hanyoyi da tashar jirgin ƙasa, kuma Bayern ta gama biyan bashin a 2014, shekaru da dama kafin wa'adi. 'Yan Arsenal na majalisarku sun san nasu labarin: ƙungiyar ce ta ci bashi ta gina Emirates a kan kimanin fam miliyan 390, ta sayar da sunan filin ga kamfanin jiragen sama, ta mayar da tsohon filinta na Highbury gidajen kwana, sannan ta shafe shekaru bayan komawarta sabon filin a 2006 tana tsuke bakin aljihu wajen sayen 'yan wasa. Magoya baya sun ji jiki, amma ba a taɓa kuɗin asibitin kowa ba.

A wurinmu wannan hanyar na da wuya, saboda Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists da Plateau United duk na gwamnatocin jihohi ne. In ka ce ƙungiya ta biya, gwamnati ka ce. Abin da ya rage mana shi ne sanin gwargwado. Filin Sani Abacha na Kano bai kai sulusin na Abuja ba, amma ya ga gasar matasa ta duniya a 1999 da kofin Afirka na 2000 da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, kuma yana da jama'ar da ke zuwa duk mako. A ganina fili mai kujeru 15,000 zuwa 25,000 a tsakiyar gari, inda mutum zai iya zuwa da ƙafa ko a keke, mai ciyawa mai kyau da fitilu masu aiki da ƙofofi wadatattu, ya fi wa kowace jiha amfani. Manya masu kujeru 60,000 kuwa, ɗaya ko biyu sun ishi ƙasa baki ɗaya. Nijar ta yi wani abin koyi da kokowar gargajiya, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975. Gasar na zagaya jihohin ƙasar, kowace da filin kokowarta, ginin da bai da tsada kamar na ƙwallo, yashi ne a tsakiya ba ciyawa ba, kuma wasa ne da ba sai an roƙi jama'a su zo ba. Damben da matasanmu ke cika fili a kansa a Kano da Sakkwato da Katsina ya cancanci irin wannan tunani.

Wata hujja da za ka ji ita ce gasa na jawo tituna da filin jirgi da gidaje. Wani lokaci haka ne. Barselona ta yi amfani da gasar Olamfik ta 1992 ta gina hanyoyin zobe ta gyara bakin tekunta, kuma har yau tana cin moriya. A Abuja ma, gidajen da aka gina wa 'yan wasan 2003, waɗanda ake kira Games Village, sun zama unguwa cike da mutane, sun fi filin kansa amfani a kullum. Ma'aunin mai sauƙi ne. Da babu gasa, garin na buƙatar wannan titin? In yana buƙata, a yi shi ko babu gasa. In ba ya buƙata, titi ne zuwa wurin da za a daina zuwa bayan wata guda.

Ga inda zuciyata take, tunda ka tambaya. Ɗan wasa ba a cikin katafaren fili yake tsirowa ba. Ka fi ni sanin filin makarantarku da la'asar: ƙasa ja, duwatsu biyu ko gora a matsayin raga, yara wasu da takalmi wasu babu, ƙwallon da aka ɗinke sau ba adadi, rukuni uku na jiran layi a gefe, duk wanda aka ci ya fita. Daga irin waɗannan filaye Ahmed Musa da sa'o'insa suka fito kafin su ga ciyawa. Kuma su ne ke ɓacewa a garuruwanmu, yau a yanka gefe a yi shaguna, gobe a raba sauran fuloti. Kashi ɗaya cikin goma na kuɗin babban fili zai iya katange filayen unguwanni masu yawa, a baje su, a kafa ragar ƙarfe da fitilar sola da famfo da bayan gida, a ware lokaci da wuri mai sutura ga 'yan mata, a ba kowane fili takardar mallaka da sunan al'umma don kada wani ya wayi gari ya sayar. Waɗannan filaye kowace rana a cike suke. Maroko, wadda yanzu ke gina fili mai kujeru 115,000 kusa da Kasablanka don kofin duniya na 2030, sai da ta fara kafa makarantar horar da yara ta Sarki Mohammed na Shida tun 2009, inda su En-Nesyri da Ounahi da Aguerd suka fito, waɗanda suka kai ta wasan kusa da na ƙarshe a Qatar a 2022.

Saboda haka masu cewa asibiti da aji su ne gaba sun fi kusa da gaskiya in ana maganar fili na biliyoyi a jihar da yara ke zaune a ƙasa, amma filin makarantarku ɓangare ne na karatun yaran, bai kamata a haɗa shi da wancan a yi watsi da su tare ba.

In aka sake sanar da irin wannan aiki, ga abin da zan so majalisarku ta bincika. Ku nemi sanin jimillar kuɗin, da ko bashi ne, da ruwansa da wa'adinsa. Ku tambayi ko an tallata kwangilar kamfanoni sun fafata, kamar yadda dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanada a matakin tarayya, jihohi ma suna da irin tasu. Ku tambayi kwana nawa a shekara za a yi amfani da filin, da wace ƙungiya, da abin da za a yi da tsohon filin garin. Sannan ku buɗe kasafin kuɗin jihar, wanda jihohi da yawa ke sakawa a intanet yanzu, ku duba ƙarƙashin ma'aikatar matasa da wasanni ko akwai layin kula da filaye, nawa aka ware, nawa aka saki bara. In ba ku samu ba, ku rubuta wasiƙa da sunan ƙungiyarku ta unguwa ko ta malamai, ku kafa hujja da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ta shafi jihohi kamar yadda ta shafi tarayya. Ku ajiye kwafin wasiƙar mai ɗauke da hatimin ofishin da ya karɓa da kwanan wata.